Masaukin Araha a Makka Lokacin Zafi: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Kwance Jaka

A 'yan shekarun nan, kujerar Umara mafi sauƙin kuɗi ita ce wadda ake sayarwa bayan an watse daga aikin Hajji, wato Muharram da Safar da farkon Rabi'ul Awwal. Alhazai sun koma gida, otal-otal sun yi fayau, masu su suna neman kowa ma ya zo ya kwana. Sai dai waɗannan watanni yanzu suna faɗowa ne tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da Makka take ƙuna. Digiri 43 zuwa 45 da rana ba abin mamaki ba ne, da dare ma da kyar yake sauka ƙasa da 30. A Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba su da wurin fakewa. Ita kanta gwamnatin ƙasar tana hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Ba na cikin masu cewa a guji otal mai araha. Yawancin mutanenmu a irinsa suke sauka, kuma suna yin ibadarsu su dawo lafiya. An ce araha ba ta ado, to mai Umara ba ado ya je nema ba. Amma a wannan zafi akwai abu uku da ba a yin ciniki a kansu: sanyin ɗaki, ruwa, da hanyar zuwa Harami. Idan ukun nan sun yi, tsohon kafet da bangon da fentinsa ya koɗe ba za su dame ka ba. Idan ɗaya ya gaza, kuɗin da ka rage za su tafi a tasi da kantin magani, kuma sallolin da ka je dominsu su wuce ka kana kwance.

Hanya ce farkon abin da ake ruɗin mutane da shi, domin tun kana gida ake sayar maka da ita. Kamfanin jirgin yawo zai ce maka otal ɗin mita 600 ne daga Harami. Tambayar da za ka yi ita ce: daga ina zuwa ina aka auna? Galibi ana aunawa ne a miƙe a kan taswira, zuwa bakin farfajiyar waje. Daga nan zuwa inda za ka sami sahu, ko zuwa filin ɗawafi, akwai sauran tafiya mai tsawo, musamman idan jami'ai sun tare ƙofar da ke kusa da kai sun juya mutane zuwa wata. Ka nemi cikakken sunan otal ɗin da Larabci, ka sa shi a taswirar wayarka, ka zaɓi tafiyar ƙafa, ka auna zuwa ƙofar da za ka riƙa shiga. Mai zama a Misfala ko titin Ibrahim Khalil zai fi amfani da Ƙofar Sarki Abdul'aziz mai lamba 1 ko ta Sarki Fahad mai lamba 79. Na Jarwal yana shigowa ta ɓangaren Ƙofar Sarki Abdallah mai lamba 100, na unguwar Gazza kuma ta wajen Marwa.

Sannan taswira ba ta nuna hawa. Makka gari ne na duwatsu, kuma yawancin otal-otal masu arahar da suke kusa sosai, sun yi arahar ne don suna kan tudu. A wasu lungunan Ajyad, mita 400 na ƙarshe hawa ne tsaye. Zuwa masallaci gangara ce, ba ka ji. Dawowa bayan ka yi ɗawafi da sa'ayi, wanda shi kaɗai ya kai kilomita uku, nan ne gwiwa take gaya maka gaskiya. Idan kana tare da dattijo ko mai keken tura marasa lafiya, kilomita ɗaya a shimfiɗaɗɗen titin Misfala ya fi mita 500 a kan tudu. Misfala kuma unguwar 'yan Najeriya da Nijar ce, a can za ka ji Hausa a shago, ka sami mai tuwo da miyar kuka.

Ka yi lissafin da kanka. Kilomita ɗaya, zuwa da dawowa, sau biyar, kilomita goma ke nan a yini. Lafiyayyen matashi yana cin kilomita a minti 12 zuwa 15, dattijo cikin cunkoso sai ya yi 25. Babu wanda zai jure wannan kwana goma a jere a watan Yuli. Tsarin da ya fi dacewa da mai masauki nesa shi ne fita biyu. Ka fita kafin Asuba, wadda ake kira wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ka dawo bayan fitowar rana kafin ƙasa ta ɗau zafi. Azahar da La'asar, wajen 12:20 da 3:40, ka yi su a masallacin unguwa. Sai ka sake fita da yamma liƙis, ka yi Magariba, ka zauna har Isha'i, ka yi ɗawafinka da dare. Malamai da yawa suna kan cewa ninkin ladan salla ya game duk abin da ke cikin iyakar Harami, ba ginin masallacin kaɗai ba. Ka tambayi malaminka tun kafin ka taso don zuciyarka ta natsu. Wanda kuma ya fi son yin Azahar a Ka'aba, to ya tafi tun ƙarfe goma ya zauna a ɓangaren da ke da sanyi har La'asar. Abin da ke kayar da mutane shi ne dawowar ƙarfe ɗaya na rana.

Otal-otal na Aziziyya da Kudai da Mahbas al-Jinn sun fi nisa, sun fi araha, kuma sau da yawa ɗakunansu sun fi girma da sabunta. Suna rayuwa ne a kan bas ɗin da ke kai baƙi Harami ta hanyoyin ƙarƙashin dutse. "Akwai mota kyauta" ba amsa ba ce. Ka tambayi ko motar ta otal ɗin ce ita kaɗai ko ta haɗaka ce da wasu, ko tana yin dare, duk minti nawa take tashi, da kuma tashar da take sauke mutane, domin daga tasha ma akwai tafiya. Bayan Isha'i da bayan Juma'a layi yakan yi tsawo ƙwarai, kuma a lokacin ne 'yan tasi suke ninka kuɗi. Manhajojin kiran tasi na Uber da Careem suna aiki a garin, amma ana rufe titunan da ke kusa da masallaci lokacin salla, don haka sai ka tako zuwa inda mota za ta iya isowa. Duk da haka, ga iyali mai tsofaffi, ni na fi yarda da otal mai nisa da ingantacciyar mota a kan na kilomita ɗaya da rabi da ba shi da ita. Wannan tsaka-tsakin shi ne mafi muni: ya yi nisa ga ƙafa, ya yi kusa da za a sa masa bas.

Yanzu ɗakin kansa. Ka'ida ɗaya ce: kada ka kwance jaka sai ka gwada komai. Muddin kayanka na ɗaure, canza ɗaki magana ce ta minti biyar a wajen karɓar baƙi. Da zarar ka baza kaya ka kwanta a gado, sai a ce maka gobe, ko a ce mai gyara yana zuwa.

Fara da na'urar sanyaya ɗaki, wato esi. A ƙananan otal-otal za ka tarar da ɗaya daga cikin iri uku: ta taga, wadda aka cusa a ramin bango, ta bango mai rimot, wadda injinta yake waje, ko ta gidan gaba ɗaya, mai fitowa ta raga a silin. Ka kunna ta, ka tabbatar tana kan sanyi ba kan fanka kawai ba (alamar ƙanƙara a rimot), ka rufe ƙofa, ka ba ta minti goma zuwa goma sha biyar. Kada ka yanke hukunci a minti biyu, domin yawancinsu suna jinkirin kamar minti uku kafin kwamfuresa, wato injin da ke kawo sanyin, ta tashi. A ta taga za ka ji tashin, ƙarar tana canzawa ta yi nauyi. Ka sa bayan hannunka a bakin iskar. Lafiyayyar na'ura tana fitar da iskar da ta fi ta ɗakin sanyi da kimanin digiri 8 zuwa 12, sanyin da hannu yake shaidawa ba tare da kokwanto ba. Idan iska tana fitowa da ƙarfi amma ba sanyi, ko dai kwamfuresa ba ta tashi ko gas ya zube, kuma ba abin da za a gyara maka a daren nan ba ne. Ka nemi wani ɗaki.

Idan kuwa akwai sanyi amma iskar ba ta da ƙarfi, mafi yawan lokaci raga ce ta toshe da ƙura. Wannan mai sauƙi ne. Ka ɗaga murfin gaba, ka zaro ragar, a wanke ta da ruwa a banɗaki, a kakkaɓe, a mayar. Toshewar raga ce ke sa ƙanƙara ta taru a cikin na'urar: iska ba ta ratsawa, ƙarfen ya daskare, sanyi ya ragu, daga baya ƙanƙarar ta narke ruwa ya riƙa ɗiga a kan gado. Mutane suna ƙara ta'azzara abin da sa rimot a kan 16, da zaton hakan zai sa ɗaki ya yi saurin sanyi. Ba ya sawa. Iskar da na'urar take fitarwa ɗaya ce. Lambar tana gaya mata lokacin da za ta huta ne kawai, kuma a 16 ba za ta taɓa hutawa ba. Ka sa ta a 23 ko 24. Idan ta riga ta daskare, ka mayar da ita kan fanka na rabin awa ta narke.

Akwai abin da mutane kaɗan suke dubawa: ina bayan na'urar yake fuskanta? Gine-gine da yawa a tsofaffin unguwanni suna da wani rami a tsakiyarsu daga ƙasa har sama, wanda ake kira manwar, kuma ɗakunan ciki nan tagoginsu suke buɗewa. Idan na'urori ashirin ko talatin suna fesa zafinsu a cikin wannan rami ɗaya, kowace tana shaƙar zafin 'yar'uwarta. Da dare za ta yi sanyi, ka ɗauka lafiya lau, amma daga Azahar zuwa La'asar sai ta riƙa katsewa don injin ya yi zafi. Ka buɗe taga ka leƙa. Ɗakin da ke fuskantar titi ya fi hayaniya, amma na'urarsa tana samun iska.

Wajen zaɓen hawa, ka guji na ƙarshe, domin rufin kankare yana shan rana yini guda ya riƙa sako zafin har tsakar dare. Ka guji ɗakin da tagarsa take kallon yamma in har akwai zaɓi. In babu, labule ya zauna a rufe daga hantsi har faɗuwar rana. Ka duba gefen na'urar taga, sau da yawa akwai ɓarakar da aka toshe da kwali ko soso, ta nan zafi da ƙura da kyankyasai suke shigowa. Tawul ko tsumma ya isa ya toshe.

Yawan gadaje ma yana cikin lissafin sanyi. Ɗakin da aka gina don mutum biyu, ana jera masa gado huɗu ko biyar, amma na'urar tana nan yadda take. Jikin kowane mutum yana fitar da zafi kamar wat 100 ko yana kwance. Ka duba takardar da ke manne a jikin na'urar: mai lamba 18,000 BTU, wato ma'aunin ƙarfin sanyinta, za ta riƙe matsakaicin ɗaki mai mutum uku ko huɗu, amma babban ɗaki mai mutum biyar ko shida a hawan sama yana son 24,000. Ga kuma banɗaki ɗaya: mutum biyar, kowa minti goma, kusan awa guda ke nan kafin Asuba. Bambancin kuɗin ɗakin mutum uku da na mutum biyar yakan zama ƙarami idan aka raba shi a kan kwanaki, kuma shi ne ƙarin da na fi ganin ya cancanci a biya.

A otal ɗin da ake sa katin ƙofa a wani ɗan akwati kafin wuta ta kawo, kana zare katin komai yake mutuwa, har da esi, wani lokaci har da firji. Ka dawo daga masallaci ka tarar da ɗaki ya koma yadda yake, kuma sai an yi kusan awa kafin bango da katifa su huce. Ka nemi kati na biyu tun ranar farko. Ga mai ciwon suga da ke ajiye allurar insulin, wannan ba maganar jin daɗi ba ce: wadda ba a buɗe ba tana son digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kada ta wuce 30, kuma in ta daskare ta lalace. Ka gwada firjin da robar ruwa na 'yan awanni kafin ka amince masa, kada kuma ka jingina maganin da bangon baya inda ƙanƙara take taruwa.

Sai ruwa. Ruwan famfon Makka tataccen ruwan teku ne da ake turowa daga Shu'aiba a gaɓar Bahar Maliya. Yana shiga tankin ƙasa, injin ya tura shi tankin saman rufi, daga can ya sauko ɗakuna. Wannan tanki na sama yana cikin rana tun safe, bututunsa ma haka. Sakamakon shi ne daga hantsi zuwa bayan Magariba, famfon da aka rubuta wa sanyi yana fitar da ruwan da zai iya saɓule fatar yaro. Maganinsa sananne ne ga mazauna ƙasar: in banɗakin yana da hitarsa a bango, ka kashe makunninta tun ranar da ka shiga. Ruwan da ke cikinta, lita 50 ko 80, zai zauna a inuwa ya huce, sai famfon zafi ya koma shi ne mai sanyi. Yana isar wankan mutum ɗaya ko biyu kafin ruwan rufi ya maye gurbinsa. Inda babu hita a ɗaki, ka sayi bokiti a bakala, wato ƙaramin shagon unguwa, a tara ruwa da dare ko da asuba, a bar shi a banɗaki. Bokitin nan zai yi maka aiki na biyu ranar da ruwa ya ɗauke, abin da ke faruwa a gidajen da suka dogara da tankar mota idan baƙi sun yi yawa. Ka yi hattara da tiyon tsarki na banɗaki da rana: ka fesa a ƙasa tukuna ka ji da hannu. Ka gaya wa tsofaffi da yara wannan musamman.

In banɗaki yana warin kwata, yawanci ba ƙazanta ba ce. Ɗakin ya daɗe ba kowa, ruwan da ke tsaye a lanƙwasar magudana ya ƙafe saboda zafi, sai iskar kwata ta sami hanya. Ka zuba buta biyu ko uku a kowane rami na ƙasa, ka kunna fankar jan iska, ka rufe ƙofa. In bayan awa ɗaya warin bai tafi ba, matsalar bututu ce, ka bar ɗakin.

Ruwan sha na roba ne. Katan mai ƙananan robobi 40 masu mililita 330 lita 13 ne da ɗan kai, wanda mutum huɗu za su shanye a yini ɗaya idan kowa yana shan lita uku, kuma lita uku ita ce mafi ƙaranci ga mai yawo a wannan yanayi. Saboda haka manyan robobi sun fi sauƙi, a riƙa ɗurawa a ƙanana. A Harami akwai Zamzam ko'ina, kuma a jerin kulolin akwai waɗanda aka rubuta wa cewa ba a sanyaya ba. Mai saurin kamuwa da mura ya nemi waɗannan. Zafin Makka busasshe ne, ba kamar na Jidda mai gumi ba, zufa tana bushewa kafin ka gan ta, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwa ba. Kalar fitsari ita ce ma'auni: in ya yi duhu, ka ƙara sha. Ka taho da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, ko ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, su tambayi likita adadin da ya dace da su kafin tafiya.

Kafin ka bar gado ya karɓe ka, ka yaye zanen, ka haska fitilar waya a ɗinkin katifa da bayan allon kai. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar na tawada ko jini busasshe alamar kuɗin cizo ce. In ka gani, ɗakin da za a canza maka kada ya zama na maƙwabtaka, kuma jakarka ta tsaya a kan tayil ko tebur, kar ka ɗora ta a gado.

Wuta ba ta ɗaukewa kamar a gida, amma akwai abin lura. Soket ɗin ƙasar mai baki uku ne irin na Najeriya da Gana. Wanda ya fito daga Nijar ko Kamaru ko Chadi mai filogi zagaye biyu sai ya nemi mahaɗi. Wasu tsofaffin gine-gine har yanzu suna da soket mai ƙarfin 127 a gefen na 220, shi ya sa za ka ga butar lantarki ta yi minti ashirin ba ta tafasa ba. Cajar waya dai ba ruwanta. Haɗarin yana wajen haɗa kaya da yawa a waya ɗaya. Soket ɗaya yana ɗaukar kimanin wat 3,000, butar lantarki ita kaɗai tana cin kusan 2,000. In aka ƙara dutsen guga ko risho na lantarki, wayar ce za ta narke. Girki a ɗaki abu ne da otal-otal suke hanawa, kuma hanin yana da dalili. A watan Mayun 2023 gobara a wani otal a titin Ibrahim Khalil ta kashe masu Umara takwas 'yan Pakistan. Don Allah, a daren farko ka fita ka nemo matakalar hawanka, ka tura ƙofarta ka ga tana buɗewa, ka sauka har ƙasa sau ɗaya ka tabbatar ba a cika ta da katifu da katan-katan ba. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce, ta motar asibiti 997, kuma 911 tana aiki a yankin Makka.

Wannan matakala za ta amfane ka kullum, saboda lifta. A ce gida mai hawa 15, ɗaki 12 a kowane hawa, mutum huɗu a ɗaki: mutum 720 ke nan, kuma duk lokaci ɗaya suke son fita, lokaci ɗaya suke dawowa, a kan lifta biyu ko uku masu ɗaukar mutum takwas. Rabin awa kafin kiran salla, liftar tana cika tun daga sama, ta wuce hawa na biyar da na shida ba ta da wurin kowa. Mai ƙafa ya nemi hawa na biyu zuwa na huɗu ya riƙa sauka da matakala. Mai tsoho ya fita awa guda kafin salla.

Game da abinci, otal mai araha ko dai ba ya bayarwa ko kuma kamfanin da ya kawo ku ne ya yi kwangila da mai dafawa. A unguwa ba za ka rasa gurasar tamis da wake da safe ba, shinkafar bukhari da kaza da rana, da laban, wato nonon sha, mai sanyi a kowace bakala, wanda yake taimakawa ƙwarai a zafi. Abin da ke kawo gudawa shi ne ajiye saura. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in a zafin titi ne awa ɗaya. Shinkafar da aka kawo da Azahar aka bari a leda har bayan Isha'i, a zubar.

Ka san bambancin gajiya da bugun rana. Mai jiri da ciwon kai da yawan zufa, amma yana cikin hayyacinsa, a kai shi ɗaki mai sanyi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara sambatu, ko bai gane mutane, ko yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba na ɗaki ba ne. A kira 997 nan take, a cire masa kaya masu nauyi, a riƙa kwara masa ruwa ana fifita shi har su iso, kuma kada a ɗura masa komai a baki. Akwai asibitin gaggawa na Ajyad dab da Harami, kuma bizar Umara tana haɗe da inshorar lafiya ta gaggawa. Namiji mai harami ba ya rufe kai, amma lema ta halatta, kuma fara ta fi. Marmarar filin ɗawafi ba ta ɗaukar zafi, amma kwalta da daɓen waje suna ƙona tafin ƙafa. Ka riƙe takalminka a 'yar jaka ka shiga da shi. Wanda takalminsa ya ɓace ya aika a sayo masa wani, kada ya ce zai daure ya taka, ballantana mai ciwon suga da ba ya jin ƙunar sai ta yi rauni.

In abu ya lalace, ka sauka da kanka, kar ka tsaya kiran waya. "Mukayyif harban" na nufin esi ya lalace, "ma fi moya" babu ruwa, "abga gurfa tanya" ina son wani ɗaki. Ka ɗauki hoto ko bidiyo. In ba su yi komai ba, ka kira wakilin kamfaninku da ke Makka, domin shi ne mai kwangila da otal ɗin kuma maganarsa ta fi taka nauyi. In abin ya faskara, Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido tana karɓar ƙorafi a lamba 930. Tun daga tsakiyar 2025 ba a ba da bizar Umara sai an shigar da yarjejeniyar masauki mai lasisi a Nusuk Masar, dandalin Ma'aikatar Hajji da Umara, saboda haka kana da damar tambayar kamfaninku sunan otal ɗin da aka rubuta maka, a rubuce, kafin ka biya. Ka kula da kalmar "ko makamancinsa" a takardar. Ka nemi a faɗi sunan makamancin. Wanda yake kama ɗaki da kansa ya tambayi ko kuɗin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da kuɗin baladiyya, wato na hukumar gari, ya karɓi rasit. Lissafin canji ba wuya, Riyal 3.75 ne a dala ɗaya. Su ɗauki hoton fasfonka su ba ka abinka. Ka ɗauki katin otal mai adireshi da Larabci, ka sa wa kowane dattijo ɗaya a wuya, domin sunayen otal-otal suna kama da juna kuma lungunan sun fi kama.

Saura ranar zuwa da ranar tafiya, waɗanda su ne ake yawan mantawa. Yawancin otal-otal na Makka suna ba da ɗaki ne ƙarfe huɗu na yamma, su karɓe shi sha biyun rana. Jirgin da ya sauka Jidda da tsakar dare zai kawo ka Makka da sassafe, cikin harami, ba barci, ba ɗaki. A nan ne mutane suke cewa bari kawai su je su sauke Umarar, sai sa'ayi ya kai su tsakiyar rana, su fito neman otal ɗin da ba su gama sanin hanyarsa ba. Ka sa a kama maka ɗakin tun daga daren da ya gabata, ka yi barci, ka ci abinci, ka yi Umararka bayan Isha'i. Ranar komawa kuma, in jirginka na dare ne, ka yi magana da su tun ana saura kwana biyu: a lokacin da baƙi ba su da yawa sukan bar ka zuwa La'asar, ko ku haɗa kuɗi ku riƙe ɗaki ɗaya na rabin yini don tsofaffi da yara, sauran kaya a ajiye a ɗakin ajiya a karɓi lamba. Tafiyar filin jirgin Jidda ta kan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma in ta tashar alhazai za ku tashi, babban ɓangaren wurin jira rumfa ce a buɗe, don haka ku riƙe ruwan sha. Zamzam ɗin da jirgi yake karɓa shi ne rufaffen galan mai lita biyar da ake sayarwa a filin jirgin, ɗaya ga kowane fasfo. Wanda aka ɗura a otal aka cusa cikin akwati, ana fitar da shi a wajen awo.